Na tsaya wa abokina garanto, yanzu ni ake bi

Baban_Ummi: Salam jama'a. Wani abokina ya ci bashin naira dubu 800 wajen wani ɗan kasuwa, aka rubuta takardar alkawarin biya ni kuma na sa hannu a matsayin garanto, to lokaci ya wuce ya kashe waya, yanzu mai kuɗin ya ce ni zai maka kotu. Ni da ko sisi ban ci ba, anya doka ta yarda da haka?

Ɗan_Kantin_Kwari: Wallahi malam ka shiga ciki. Sa hannun nan ai cewa ka yi in bai biya ba kai za ka biya, kuma a babbar kotu ba dole sai ya fara kai abokinka ƙara ba, sai dai in takardar ce ta faɗi haka. Amma ka bincika, in sun ƙara wa'adi ko sun canza sharaɗi a bayan idonka, lauya zai iya fitar da kai.

Malama_Hajara: A kotun shari'a da ɗan sauƙi, a mazhabar Malikiyya in wanda ya ci bashin yana nan kuma yana da abin biya, shi ake fara bi. In ya gudu ko ya karye fa, kai ne, hadisi ma ya ce mai lamuni shi ke biya. In ka biya ka riƙe rasit, kana da haƙƙin bin sa kuɗinka.

Baban_Ummi: Ya bar gari fa Malama, an ce yana Legas.

Malama_Hajara: To ka samu mai kuɗin da dattawa ku daidaita, ko a yarda ka riƙa biya kaɗan-kaɗan.