Ambaliya ta cinye min shinkafa a gonar haya: ni za a ba tallafi ko mai gona?

Ɗan Fadama, Igabi:
Assalamu alaikum jama'a. Bana na kama hayar wata fadama a bakin Kogin Kaduna na zuba shinkafa, har ta fara fitar da kai. Cikin Satumba kogi ya tumbatsa, ruwa ya kwanta a kanta, da ya janye sai laka da ruɓaɓɓen kara. Takin ma bashi na ɗauko, mai shago yana jiran kaka. Bayan nan wasu jami'ai suka zo da mai unguwa suna ɗaukar sunaye, ina kasuwa, sai aka rubuta sunan mai gonar. Shi kuwa tun kafin ruwan shuka ya karɓe kuɗin hayarsa. To in tallafin ya fito, haƙƙin wa ne? Kuma kuɗi ake bayarwa ko kaya?

Tsohon Malamin Gona:
Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, ɗana. Da farko ka cire rai daga diyya. Abin da hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, wato NEMA, da ta jiha ke rabawa agaji ne, ba biyan asara ba. Galibi abinci ne, ko iri da taki da maganin feshi, wani lokaci injin ban ruwa don mutum ya shiga noman rani. Ko a 2024 da gwamnatin tarayya ta ce ta ware wa kowace jiha naira biliyan 3 saboda ambaliya, hannun jihohi aka sa kuɗin, su ke tsara rabon.

Batun haƙƙi kuwa, wanda amfaninsa ya lalace ake nufi, wato kai. Amma takarda ba ta san wannan ba, sunan da ke kanta ake kira. Kada ka bari jerin ya bar ƙaramar hukuma. Ka je wurin mai unguwa da shaidun da aka yi cinikin hayar a gabansu, ku wuce sashen gona na sakatariya a gyara. Ka riƙe NIN da lambar wayar da ke aiki, da hoton gonar in ka ɗauka.

Maman Biyu, Kachia:
Malam, ka bi maganar Baba. Da annobar nan ta faɗa wa citta a 2023, mu nan da Kagarko da Jaba tono muke yi muna tarar da ita ta zama ruwa, ga wari. Da tallafi ya zo, na lura waɗanda ke cikin ƙungiya aka fi saurin samu, don sunayensu na rubuce tuntuni. Masu noma su kaɗai sun sha zirga-zirga.

Abu Zazzau:
Ni dai shawarata ta baɗi ce. Akwai inshorar noma ta NAIC, hukumar inshorar noma ta gwamnatin tarayya, tun 1987 take, kuma gwamnati na ɗauke rabin kuɗin shiga inshorar a kan amfanin gona irin shinkafa da masara. Sai dai kafin ɓarna ake shiga, ba bayanta ba. Wasu na da ja a kan inshora ta fuskar addini, wannan sai ka tambayi malaminka.

Ɗan Fadama, Igabi:
Na gode ƙwarai. Baba, mai gonar kawun matata ne, shi ya sa nake jan ƙafa. Gobe bayan Azahar zan fara samunsa a gida tukuna, in ya yarda mu tafi wurin mai unguwa tare.