Warin javel a ruwan pampo, lahiya kuwa?

Maman Nana (Bukoki):
Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah tunda damina ta kama ruwan pampon gidanmu warin javel (ruwan kulorin ɗin nan na wanki) yakai sosai, har uwar mijina ta ce a daina ba jaririyata, a koma saye wajen garuwa. Kuma in an ɗauke ruwa aka maido sai ya zo fari kamar kunu. Hankalina bai kwanta ba wallahi, mi ke faruwa?

Baba Tsoho:
Wa alaikumussalam ɗiyata, kwantar da hankalinki. Ruwan da muke sha a Yamai daga kogin Isa ake jawo shi, a tace a Gudel da Yantala. To da damina Sirba da sauran gulaben da ke gangarowa daga wajen Burkina suna kwaso jan laka su zuba a kogi, je ki gadar Kennedy cikin Agusta ki gani, jawur yake. Wannan ruwan sai an zuba mishi alif laka ta dunƙule ta kwanta ƙasa, a bi da shi cikin yashi, sannan a sa kulorin ya kashe ƙwayoyin cuta kahin a tura shi shato, wato babban tankin ruwan gari. Kuma da gangan ake barin saura kaɗan a ciki saboda tahiyar da zai yi cikin tiyo har ya iso gidanki, shi ne warin da kike ji. Mu da muka ga kogin nan ya tsaya cak a 1985 ba mu raina ruwan pampo.

Hajiya ta Harobanda:
farin nan iska ce kawai ta shiga tiyo, ki zuba a kofin gilashi ki jira kaɗan zaki ga ya washe daga ƙasa. amma in ja ya zo bayan an maido a bar shi ya zuba tukuna

Ɗan Talaje:
Maman Nana garuwan ma ai a pampo yake ɗiba, sai dai bidon nashi wa ya san yaushe rabonshi da wanki? Ni abin da ya fi ban tsoro randa ce, kowa ya zo ya tsoma moɗa da hannu, yaro ya taso daga wasa ya tsoma. Ki ware wa jaririya nata, ki tafasa ki rufe.

Maman Nana:
Na gode Baba, Allah shi saka. Yau da dare zan karanta ma Inna, randar ma gobe da sahe zan wanke ta.