Na rage ƙarar ɗaki sai murya ta lalace: wane tsari ake bi wajen tace littafin sauraro?

Mai_Karatu:

Assalamu alaikum malamai. Ina ɗaukar karatun wani littafin Hausa babi-babi da makirfo mai USB, ina tacewa da manhajar Audacity. An ce in bi ma'aunin ACX, wato dandalin kamfanin Audible na littattafan sauraro. Ɗanyen sautin yana kan RMS (matsakaicin ƙarfin sauti) -33 dB, ƙarar ɗaki kuma -64. Da na ɗaga ƙarfin zuwa -20 sai ACX Check, mai gwada sauti da wannan ma'auni, ya ce ƙarar ta koma -51, bai amince ba. Na sa Noise Reduction a kan 24 dB, ƙarar ta tafi amma muryar ta koma kamar daga cikin randa ake magana. Me ya kamata ya zo farko, me zai biyo baya? Kuma zan iya sa ɗan amsa-kuwwa don muryar ta cika?

Injiniyan_Sauti:

Wa alaikumus salam. Malam, amsarka tana cikin alƙaluman da ka kawo. Ma'aunin yana son RMS tsakanin -23 da -18 dB, ƙololuwar sauti kada ta haura -3, ƙarar ɗaki kuma ta kasance ƙasa da -60. Idan murya za ta zauna a -20, ƙara a -60, ke nan ana son tazarar 40 dB a tsakaninsu. Taka tazarar 31 ce. Ɗaga ƙarfi ba ya zaɓar murya ya bar ƙara, tare yake ɗaga su, shi ya sa 13 dB ɗin da ka ƙara ya kai -64 zuwa -51.

Wannan giɓin na 9 dB, a wurin ɗauka ake cike mafi yawansa. Idan tsakanin bakinka da makirfo santimita 30 ne, ka dawo 15. Rage nisa da rabi yana ƙara wa murya kusan 6 dB, ƙarar ɗakin kuwa tana nan inda take. Ka karkata makirfon kaɗan zuwa gefen baki, ka sa matacin iska a gabansa, ka saita shigar sauti yadda ƙololuwa za ta riƙa taɓa -12 zuwa -6 lokacin da kake karatu. A kashe fanka, a nisanta kwamfuta.

Bayan ka gama yanke kurakurai, ka ajiye kwafin WAV da ba a taɓa ba, sannan ka bi wannan jeri. Farko Filter Curve EQ, ka zaɓi wanda yake yanke ƙasan sauti don magana. Sai Loudness Normalization, ka mayar da shi kan RMS, ka rubuta -20. Sai Limiter, mai hana ƙololuwa haura iyaka, a kan -3.5 dB, rabin dB ɗin da ya ɗoru a kan -3 kariya ce domin mayarwa MP3 kan ɗan ɗaga ƙololuwa. Yanzu ka gwada ACX Check. In ƙara ce kawai ta rage, a nan Noise Reduction zai shigo: ka zaɓi daƙiƙa biyu ko uku na shirun ɗaki zalla, babu numfashi babu motsin takarda, ya ɗauki samfurinsa, sannan ka sa 6, 6, 6 a gidajen uku. A 24 dB manhajar tana cinye sassan muryar da suka yi kama da ƙara, daga nan ne sautin randar nan yake fitowa. Ni dai ban ga amfanin wuce 12 ba.

Hajiya_Studiyo:

Na yarda da jerin Injiniya, sai dai ina da gyara a mataki na farko. Wancan saitin yana fara rage sauti daga wajen 100 Hz zuwa ƙasa. Ga muryar mace babu matsala. Namiji mai kaurin murya kuwa tushen muryarsa kan sauka har 85 Hz, kuma Hausa harshe ne mai karin sauti: a ƙarshen jimla murya tana gangarowa, gaɓa mai karin ƙasa a nan take zama. In ka yanke da yawa, ƙarshen jimloli sai su yi siriri. Ka gwada yankewa a 70 ko 80, ka saurara da hedifon, kada ka dogara da lasifikar kwamfuta.

Kafin ma ka taɓa komai, ka tantance wace irin ƙara ce. Zaɓi shirun ka buɗe Plot Spectrum. Idan ka ga tsini a 50 Hz da 100 da 150, wannan gurnanin wutar lantarki ne, domin wutar Najeriya da Nijar 50 Hz ce. Darussan da aka yi a Amurka 60 za su ce maka, kada ka kwafa. Maganinsa na farko cire cajar laftof a yi ɗauka da batir. Abin da ya riga ya shiga kuma maganinsa Notch Filter ne, a kowane tsini ɗaya bayan ɗaya. Idan janareta ne labari ya bambanta, saurinsa yana hawa yana sauka, tsinin ba ya tsayawa wuri guda, matacin ba zai kama shi ba. Sake ɗauka ya fi.

Abu ɗaya da nake roƙonka: ka guji Noise Gate mai tsanani. Yana rufe sauti da zarar ya yi ƙasa, sai ya gutsure gajeren wasalin ƙarshen kalma, ya cinye farkon ɓ da ɗ waɗanda ba su da ƙarfi. Su ts da s da sh kuma sukan yi kaifi bayan an ɗaga ƙarfi. In suna sukar kunne, rage 2 ko 3 dB tsakanin 5,000 da 8,000 Hz. Fiye da haka "tsaya" ta koma wani abu daban.

Mai_Karatu:

Na gode ƙwarai. Akwai tsini a 50 kuwa, Hajiya. Maganar amsa-kuwwa fa, da kwamfuresa da ake ta faɗa?

Injiniyan_Sauti:

Amsa-kuwwa a bar shi. Mai sauraro zai yi awa shida ko takwas da muryarka a kunnensa, abin da ya yi daɗi a minti ɗaya gajiyarwa yake yi a awa ɗaya, kuma yana cika shirun da ake aunawa. In muryar ce ba ta cika ba, matsowa kusa da makirfo zai ƙara mata kauri. In kuma ta toshe, rage 2 dB a wajen 300 Hz.

Kwamfuresa, mai danne sautin da ya yi ƙarfi da yawa, sai in karatunka yana da hawa da sauka sosai, kamar inda ake raɗa sannan a ɗaga murya. Ka sa shi bayan yanke ƙasa, kafin daidaita ƙarfi, a kan 2:1 ko 3:1. Ka tuna duk abin da ya danne a sama, daidaita ƙarfi zai ɗago ƙasa da shi, har da numfashi da ƙarar ɗaki, don haka a halin da kake ciki yanzu zai ƙara maka aiki ne.

Wajen fitarwa, kowane babi fayil ɗinsa daban, MP3 a 192 kbps tsayayye ko sama, 44.1 kHz, kuma in ka zaɓi mono duk littafin ya zama mono. Ka bar ɗan shirun ɗaki a farko da ƙarshe, kada ya wuce daƙiƙa 5. Inda ka yanke tari ko kuskure, ka liƙa shirun ɗakin da ka ɗauka a ranar, kada ka sa shirun da manhaja ta ƙirƙira, kunne yana jin inda sautin ya mutu. Saitin da ka yi wa babi na ɗaya, shi za ka rubuta ka maimaita har babin ƙarshe.