Kuros ɗin aksul na gaba yana ƙara idan na karya sitiyari: yaya ake canza shi?

Mai_Fowil ya rubuta:

Assalamu alaikum manyan gari. Mota ce Jeep Cherokee ƙirar 1998, mai aksul ɗin gaba Dana 30. Idan aka karya sitiyari har ƙarshe ana jin ƙas-ƙas-ƙas daga tayar hagu, kuma ƙarar tana ƙaruwa in aka saka fowil, wato giyar da ke jan tayoyi huɗu. A miƙe hanya shiru take. Na leƙa bayan tayar na ga wani jan gari kamar tsatsa a bakin kofunan kuros ɗin, wato mahaɗin nan mai hannu huɗu da ke haɗa shaf ɗin ciki da na waje, kowane hannu da kofinsa. Shi ne ya mutu, ko boris ɗin hob ne, cibiyar da ake ɗaure taya a kai? In shi ne, a taimaka mini da matakan canza shi da kayan aikin da zan tanada. Kuma za a iya ci gaba da hawa kafin a gyara?

Bakanike_Tsoho ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Malam, wannan jan garin da ka gani shi ne amsar. Giris ya ƙare a cikin kofin, allurai, wato siraran sandunan ƙarfe da ke jere a cikinsa, sun bushe suna niƙa kansu, garin ƙarfen ne ke fitowa ya yi tsatsa. Boris ɗin hob gurnani yake yi, yana ƙaruwa da gudu, ba ya ƙas-ƙas a kwana. Don ka tabbatar, ɗaga motar, ka karya sitiyari har kuros ɗin ya fito fili, ka sa dogon sukundireba tsakanin kunnuwan shaf ɗin, waɗanda ke riƙe da kofunan, ka banƙara. Lafiyayyen kuros ba ya wasa ko kaɗan.

Batun hawa kuwa, ban ba ka shawara ba. Motarka ba ta da hob mai kullewa da hannu, wato shaf ɗin yana juyawa kullum ko da fowil ko babu. In kofi ɗaya ya fice, kuros ɗin zai tsaga kunnuwan shaf, wani lokaci ya daki boljoyin ya raba shi. Aikin kuros ɗaya ya koma na shaf biyu.

Kayan aiki: soket 36 na notin shaf, soket 13 mai kusurwa goma sha biyu (mai kusurwa shida ba zai hau ba), sifanar awon ɗauri, guduma, bayis, magagari, man narkar da tsatsa, da sabon filin noti.

Ka fara da notin tsakiya. Cire fil da murfin da ke kansa, wani ya taka birki, ka sassauta shi. Sannan ka ɗaga ɓangaren da za ka yi aiki ya fi ɗayan tsawo, ka dafa shi da tsayayyen ƙarfe, kada ka dogara da jak kaɗai. Ɗagawar tana sa man giya ya koma can ɗaya ɓangaren, ba zai biyo bututun ya zubo ba. Cire taya, cire kalifa, mai matse faifan birki, ka rataye ta da waya, kada ka bar ta tana lilo a jikin tiyon birki. Zare faifan birki. In akwai wayar ABS, na'urar da ke hana birki kulle taya, ka cire ta tun yanzu.

A bayan wuyan tayar akwai kusoshi uku masu riƙe da hob. Su ne na soket 13 ɗin. Yawanci bayan an kwance su hob ɗin ba ya motsi, tsatsa ta riƙe shi. Kada ka dinga dukan fuskarsa. Mayar da kusa ɗaya rabi, ka ɗora mata soket da ɗan ƙarin hannu ya tokari jikin aksul, wani ya juya sitiyari a hankali. Ƙarfin sitiyarin ne zai turo hob ɗin waje. Ka yi haka kusa bayan kusa don ya fito a daidaice.

Wurin zare shaf ne ake ɓarna ba a sani ba. Sil ɗin man giya ba a bakin bututu yake ba, yana can ciki kusa da giyar tsakiya. Tallafi shaf ɗin da hannu biyu ka jawo shi a miƙe, kada haƙoransa su goga leɓen sil ɗin. In ka yaga shi, canza shi sai an buɗe aksul an fito da giyar gaba ɗaya.

Sarkin_Sifana ya rubuta:

Maigida ya gama da cirewa, bari in ɗora daga kan tebur.

Kafin ka sayi sabo, auna faɗin kofin. Dana 30 yana zuwa da kuros iri biyu: ƙarami mai kofi kusan milimita 27, lambar kamfanin Spicer 5-260X, da babba mai kusan milimita 30, lamba 5-760X. Na 1998 babban ya kamata ya zama, amma tsohuwar mota ba a san shaf ɗin da wani ya taɓa saka mata ba. Awo ya fi shekara.

Kilif ɗin wannan kuros a ciki suke, ba a waje kamar na farfela ba. Guda huɗu ne masu siffar C, kowane a cikin tsagar kofi ta cikin kunne. Kankare laka da tsatsa har ka gan su, ka fitar da su da sukundireba da guduma. Ka ƙirga huɗu. Mutum yakan manta rabin kilif a ciki ya yi ta duka, ya ce kofi ya ƙi fita.

Wajen fitar da kofi, ko dai ka matse a bayis da soket biyu, ƙarami yana turawa, babba yana karɓa, ko ka ɗora hannayen kuros ɗin a kan buɗaɗɗen bakin bayis ka daki gindin kunne. Ni na fi yarda da gudumar. Matsi mai tsanani a kan kofin da tsatsa ta ci yana lanƙwasa kunnuwan su matso ciki, kuma in sun matso, sabon kuros ba zai taɓa zama daidai ba. Amma gindin kunne za ka daka, inda ƙarfen ke da kauri, ba bakin ramin ba.

Bayan ya fita, goge ramukan huɗu, ka bi bakinsu da magagari ka cire duk wani tudu. Ka kuma goge fuskar cikin kunne inda kilif zai zauna. Gwada sabon kofi: in ya shige da yatsa kawai, ramin ya buɗe, wannan shaf ɗin ya gama aiki. Sabon kuros a buɗaɗɗen rami zai sake tofar da kofi.

Yanzu sakawa. Cire kofi biyu masu fuskantar juna, ka kula kada ka cakuɗa su, kowane ya koma hannunsa. Duba allurai suna tsaye a jere manne da giris. Saka kuros ɗin cikin kunnuwa, ka fara kofi ɗaya a raminsa, sannan ka tura hannun kuros ɗin cikin kofin ya riƙe alluran kafin ka fara matsa. Matsa shi ya ɗan wuce har tsagar ta bayyana, saka kilif. Sai ka jawo kuros ɗin rabi zuwa ɗaya ɓangaren yadda zai kama kofi biyun a lokaci ɗaya, ka matsa na biyu.

In kofi na biyu ya tsaya saura kamar milimita ɗaya ko biyu, tsagar kilif ta ƙi fitowa, tsaya. Allura ce ta faɗi ta kwanta a gindin kofi. Ƙara ƙarfi zai fasa kofin ko ya karya allurar. Fitar da shi, tsayar da ita, ka sake. Haushi ne, amma minti goma ne kawai.

Idan huɗun sun zauna, za ka ji kuros ɗin ya yi tauri. Daki gindin kowane kunne sau biyu ko uku da guduma, kofunan za su koma su jingina da kilif, ya saki. Ya kamata ya lanƙwasa ta kowane gefe da hannu, da ɗan nauyi amma ba tare da sarƙewa ba.

Mai_Fowil ya rubuta:

Allah ya saka da alheri, na fahimta sosai. Saura biyu: in ɗauki mai ramin giris ko marar rami? Kuma nawa ne awon ɗaurin?

Injiniya_Dare ya rubuta:

A kan giris ana saɓani. Mai rami an huda cikinsa don giris ya bi, saboda haka marar rami ya fi shi ƙarfi, kuma sil ɗin kofunansa sun fi matsewa. Mai rami yana da amfani ga motar da ke yawan shiga ruwa da laka, in dai mai ita zai riƙa dura masa giris bayan kowace shiga. Mafi yawan mutane ba sa yi. Ka ɗauki marar rami. Kada ka wanke giris ɗin da ya zo da shi, kada kuma ka cika kofin maƙil da wani, don zai hana shi zama har ƙasa.

Kafin ka mayar da shaf, goge cikin bututun aksul da tsumma a kan sanda. Laka tana taruwa a ciki, kan shaf ɗin ya kwaso ta ya kai wa sil. Shafa ɗan man giya a haƙoran, ka ɗaga kan shaf ɗin kaɗan yayin shigarwa, ka juya shi har ya faɗa gurbinsa. Garkuwar faifan birki tana shiga ne tsakanin hob da wuyan taya, ana yawan mantawa da ita sai an gama ɗauri. Shafa siririn giris a inda hob ke zama saboda gaba.

Kusoshin hob uku: Nm 102 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri a sifanar awo). Notin tsakiya: Nm 237. Wannan notin ba shaf kaɗai yake riƙewa ba, shi ke matse boris ɗin hob ya zauna. In ya yi sako-sako boris ɗin zai lalace da wuri, don haka kada a ɗaure shi da ƙiyasi, kada kuma a tura motar a kan tayarta ba tare da shi ba. Saka sabon fil. Duba man giya, ya kai bakin ramin cikawa. Taka birki sau da yawa har ya yi tauri kafin motar ta motsa.

Ga masu karatu da ke da Land Cruiser mai aksul ɗin gaba tsayayye, wannan bayanin ba naku ba ne. Naku wani irin mahaɗi ne mai suna Birfield a cikin rufaffen wuya mai cike da giris, aikinsa daban.

Bakanike_Tsoho ya rubuta:

Ƙari ɗaya, Malam. Tunda kayan aiki suna hannu, ka banƙari na dama ma, shekarunsu ɗaya. Shaf ɗin dama ya fi tsawo sosai, ya fi wuyar tallafewa, ka nemi mai riƙe maka wajen zarewa. In ka fita gwaji, kada ka gwada fowil a busasshiyar kwalta da sitiyari a karye. Ko da sabon kuros motar za ta riƙa tirjewa tana tsalle, ka zaci aikin ne bai yi ba. Nemi ƙasa ko tsakuwa, ka zagaya hagu da dama a hankali, gilashi a sauke.