Yarona na kunyata ni cikin mutane, ku ba ni shawara

Maman Auta: Salamu alaikum ƴan uwa mata, don Allah ku taimake ni. Jiya mun tafi suna gidan ƙanwar maigida a unguwar Zariya. Dama ni da dangin miji sai a hankali, tun bikin bara da aka ce ban kai gudummawa da wuri ba, alhali turmin atamfa na kai da jaka biyar, uwar mijina ma ta gani da idonta, amma har yau in na shiga sai a riƙa yi mini kallon hadarin kaji. To ana cikin rabon abinci yarona ya ga alawa hannun wata yarinya, ya ce sai an ba shi. Na ce babu. Ya faɗi yana birgima cikin rairayi, yana tsala ihu har ya shiɗe, leɓensa ya yi baƙi, sai da aka yayyafa mishi ruwa. Na goya shi na miƙa mishi salula ya yi shiru. Sai na ji wata cikin rumfa ta ce haka ake ɓata ɗa. Haka yake mini a Babbar Kasuwa, haka cikin adaidaita. Yaya zan yi?

Hajiya ta Mokoyo: Wa alaikumus salam. Ɗiyata, wadda ta faɗi maganar ba ta yi ƙarya ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ni tara na haifa, babu wanda ya taɓa yi mini birgima gidan mutane, harara guda ta ishe su. Ki ja shi bayan ɗaki ki ba shi tsumagiya biyu, gobe ba zai sake ba.

Uwar Tagwaye: Shekararsa nawa? Ba ki faɗa ba.

Maman Auta: Biyu da wata huɗu. Hajiya, ni ban ɓata shi ba, a gida lafiya lau yake. Salular ma don in rufa wa kaina asiri ne, ido ya yi mini yawa.

Uwar Tagwaye: Ɗan shekara biyu ai bai san kunya ba. Bakinsa bai kai ya faɗi abin da ke damunsa ba, shi ya sa yake faɗuwa. Ga zafin Maradi, Afrilu ya shigo ana haura 40. Ya ci abinci kafin ku fita? Ya yi barcin rana? Ni nawa sai na cika musu ciki da kunu, in sa ƙosai da ruwa cikin jaka, sannan in fita.

Amaryar Bagalam: Ku dai kun ji daɗi. Ni ranar awo yarinyata ta yi kuka cikin layi, wata da ban taɓa gani ba ta ɗaga hannu ta make ta. Da na gaya wa babanta sai ya ce ni na jawo. Shi ko sau ɗaya bai taɓa riƙe ta in yi salla ba.

Hajiya ta Mokoyo: Da can ɗa na kowa ne, maƙwabciya na hukunta shi uwa ta yi godiya. Yanzu kun ce kada a taɓa, ga sakamakon nan.

Malama: Hajiya, da girmanki, hadisin salla ma ya ce a umarci yaro yana da shekara 7, ba a ambaci duka ba sai a 10. Kuma ya zo a Bukhari da Muslim cewa Annabi (SAW) kan taƙaita salla in ya ji kukan yaro, don tausayin uwarsa. Ina ga ɗan yaye.

Ma'aikaciyar jinya: Ni shiɗewar ce ta tsaya mini. Tana samun yara daga wata 6 zuwa wajen shekara 6, yawanci tana wucewa da kanta, amma sau da yawa tana tafe da ƙarancin jini. Ki kai shi likita a auna. In ya shiɗe ki kwantar da shi ta gefe, kada ki jijjiga shi, kada ki ɗura mishi ruwa a baki. Kuma ku bar tsorata yara da allura, mu ke shan wahalarsu in an kawo su.

Inna: Kambun baka ne, yaro mai kyau cikin taro. A yi mishi tofi safe da yamma.

Maman Auta: Jininsa lafiya lau, yana cin abinci sosai, kuma ya ci kafin mu fita. Ni damuwata abin da zan yi a take, mutane na kallona. Jibi akwai wani biki can gidan, in ban je ba wata magana ce.

Hajiya ta Mokoyo: Na riga na gaya miki. Ki tafi da tsumagiyarki, ki bar salular gida.

Uwar Tagwaye: Ko ki bar shi wurin kakarsa mana.

Maman Auta: Ai kakar tasa ce mai bikin.