An saka sunana a kwamitin ba gwamnati shawara kan harkar fim, in karɓa?

Furodusa_Ƙarami: Salamu alaikum. Ina shirya fim mai dogon zango a YouTube. Ƙungiyarmu ta kafa kwamitin da zai rubuta shawarwari kan tace fina-finan intanet a kai wa gwamnati, aka saka ni a madadin matasa. Zaman duk Asabar ne, ranar da nake fita lokeshan, kuma sai na sabunta katin ƙungiya. Waɗanda suka taɓa shiga irin wannan, yana da amfani ko in ba da haƙuri?

Sadauki: Wa alaikumus salam. Ka fara kai fim ɗinka tacewa tukuna, kar a dakatar maka.

Furodusa_Ƙarami: Yaya, an tace. Ba shi na tambaya ba.

Tsohon_Darakta: Ɗana, ni na zauna a irinsa. Da kuɗin aljihuna nake zuba wa mashin mai, har aikin darakta na wani fim na saki saboda zaman. Muka yi rubutu mai kyau kan satar fasaha da rage kuɗin rijista wa masu tasowa. Ranar miƙa rahoto shugabanni suka tafi su kaɗai, suka yi hoto, ko sunanmu ba a ambata ba. Da doka ta fito babu layi ɗaya daga namu. Ashe tun kafin mu fara zama an gama rubutata. Wanda na bar wa aikin nan yanzu mota gare shi.

Hajiyar_Kwalliya: Allah sarki Baba. Allah ya mayar da alheri. Katin kuma dubu 10 na biya bana.

Edita_Fagge: Dubu 10 a ina, Hajiya? Ni 25 aka karɓa.

Hajiyar_Kwalliya: To ka bi ta hannun ɗan tsakiya ke nan.

Malam_Marubuci: Maganar ita ce shawarar wa ake ji? A 2016 gwamnatin tarayya ta yi niyyar gina ƙauyen fim na naira biliyan 3 a Kofa, ƙaramar hukumar Bebeji. Malamai suka yi huɗuba a kai, aka soke. MOPPAN, ƙungiyar masu shirya fina-finai, tana nan a lokacin. Huɗubar Juma'a ta fi takardar kwamiti saurin isa.

Sadauki: Malam, ai shi ya sa ya kamata a shiga. Tun 2001 aka kafa hukumar tace fina-finai ta Kano, a 2007 aka hana ɗaukar fim na watanni, duk ana yanke mana hukunci ba ma wurin. Yanzu kuma namu ne a kujera, Ali Nuhu ke riƙe da hukumar fina-finai ta ƙasa da ke Jos tun 2024.

Edita_Fagge: Kai da ko sin ɗaya ba ka taɓa ɗauka ba, bari masu sana'a su yi magana.

Sadauki: Mu masu kallo da datarmu kuke ci.

Ɗan_Haske: Tambaya ɗaya: ana ba da shinkafa da lemo a zaman? In ana bayarwa ni zan wakilce ka.

Hajiyar_Kwalliya: In ka shiga dai ka saka maganar haƙƙinmu. Jaruma a sallame ta nan take, mai kwalliya da mai haske a ce sai YouTube ta biya.

Ɗan_Haske: Wallahi. Akwai furodusan da nake bi tun zango na ɗaya, ga shi yana na huɗu.

Furodusa_Ƙarami: Jama'a, jibi fa za a rufe sunaye.

Edita_Fagge: Ɗan_Haske, mai farar mota ne? Ni ma ina binsa.