Montana ko Rice: wa ke kan gaba a tarihin San Francisco 49ers?

Sabon Ɗan Kallo:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata ga waɗanda suka daɗe suna bin ƙwallon Amurka ce. Duk inda aka jero gwanayen 49ers, sunaye biyu ne a sama, Joe Montana mai jifa da Jerry Rice mai cafkewa. To da wane mudu ake auna mai jifa da mai cafkewa, tunda aikin ɗaya ba ya kammala sai da hannun ɗayan? Kuma ina za a ajiye Steve Young, mai jifan da ya gaji Montana, da Ronnie Lott mai tsaron baya? Hujja nake nema, ba son zuciya ba.

Malam Lissafi:

Wa'alaikumus salam. Rice ne, ɗan'uwa, kuma tazarar ba kaɗan ba ce.

Hanya mafi adalci ita ce ka gwada kowa da sa'o'insa a gurbinsa, sannan ka duba wa ya fi yi wa na biyunsa nisa. Rice ya yi ritaya da cafka 1,549, yadi 22,895 da tacdaun 208 (tacdaun shi ne kai ƙwallo yankin ƙarshe na abokan hamayya don cin maki). Wanda ke bi masa a yadi shi ne Larry Fitzgerald, da 17,492. Ka cire duk abin da Rice ya yi a Raiders da Seattle, ka bar na 49ers kaɗai daga 1985 zuwa 2000, za ka samu yadi 19,247. Wato ko da ya ajiye takalmi ranar da ya bar San Francisco, har yau shi ne na ɗaya. A tacdaun kuma Emmitt Smith ne na biyu da 175, shi ma mai ɗaukar ƙwallo ya ruga ne, wanda ake miƙa wa a bakin layi.

Kakar 1987 ta fi burge ni. Yajin aikin 'yan wasa ya sa wasa 12 kawai ya buga, amma ya cafke tacdaun 22. Sai a 2007 Randy Moss ya wuce shi da 23, a wasa 16. Montana gwani ne, babu musu, amma ana iya kawo Tom Brady a ce ya sha gabansa. Wa za ka kawo wa Rice?

Mai Allon Koci:

Malam Lissafi, alƙalumanka daidai suke, sai dai an tambaye mu tarihin ƙungiya ne, ba tarihin gurbi ba. A 1979, shekarar da koci Bill Walsh ya zo ya ɗauki Montana a zagaye na uku na zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'ar Notre Dame, wasa 2 ƙungiyar ta ci cikin 16. Ba ta taɓa ɗaga kofin NFL ba, wato babbar gasar ƙwallon Amurka. Kofi biyu na farko, na kakar 1981 da na 1984, an ɗauke su Rice yana jami'ar Mississippi Valley State.

Sai an fahimci tsarin Walsh kafin a gane abin da Montana yake yi. Tsarin ya ɗaure ƙafar mai jifa da hanyar mai cafkewa. Taku uku baya, jifa gajere. Taku biyar, matsakaici. Taku bakwai, mai nisa. Ɗauki hanyar da suka fi shahara da ita: mai cafkewa ya yi taku uku gaba, ya karya ciki a karkace, shi kuma mai jifa da ƙafarsa ta baya ta dira a taku na uku ƙwallo ta bar hannunsa. Ba ya jiran ya ga mutum a sake, wurin da zai iso yake jefawa.

Ga inda abin ke lalacewa. In ƙwallo ta makara da ƙiftawar ido, mai tsaron tsakiya ya riga ya toshe tagar, ko ya ƙwace ta ko ya yi wa mai cafkewa mummunan karo. In ta faɗo bayan kafaɗa, dole ya rage gudu ya juya, yadin da zai ƙara bayan cafka ya tafi ke nan, kuma sau da yawa ƙwallon takan doki hannunsa ta tashi sama ta faɗa wa abokin hamayya. In ta zo a gaban ƙirji yana cikin gudu, jifan yadi 6 sai ya zama 40. Hannun Montana bai kai na Dan Marino ko John Elway ƙarfi ba. Ƙafa da saiti yake da su, su kuma tsarin ke ci.

Super Bowl, wato wasan ƙarshe na cin kofi, huɗu Montana ya buga, ya ci huɗu, jifa 122, tacdaun 11, ba a ƙwace masa ko ɗaya ba. A na Janairun 1989 Cincinnati na gaba 16 da 13, saura minti uku da 'yan daƙiƙoƙi, ya fara daga yadi 8 na gidansu ya kai su yadi 92, ya jefa wa John Taylor saura daƙiƙa 34. Na yarda Rice ne gwarzon wannan wasa da cafka 11 da yadi 215. Amma a lura, ƙwallon ƙarshe ba wurinsa ta je ba, domin idon masu tsaro na kansa, Montana kuwa ya karanta hakan.

Malam Lissafi:

Yallaɓai, hujjarka ta ƙarshe ai tawa ce. Me ya buɗe wa Taylor hanya in ba tsoron Rice ba? Kuma a wannan tafiyar, da aka mayar da su baya suna neman yadi 20, Rice ne ya cafke ya kai 27.

Sannan in Montana ya ci biyu babu Rice, Rice ma ya ci ɗaya babu Montana. A Janairun 1995 sun lallasa San Diego 49 da 26, Young ya jefa tacdaun 6, uku na Rice ne. Kakar da ta biyo baya ya tara yadi 1,848. Kar a raina wannan sauyi, domin Young bahago ne. Ƙwallon bahago juyawarta a iska kishiyar ta mai dama ce, tana kuma zamewa ɗaya gefen a jifa mai nisa, dole mai cafkewa ya sake horar da ido da hannu. Katanga ma, wato jerin 'yan wasan da ke kare mai jifa, sai ta sauya, don bayan mai jifa ya koma ɓangaren dama. An canja mai jifa, an canja hannu, adadin Rice bai sauka ba.

Game da Young, na uku nake sa shi ko na huɗu. Gwarzon kaka sau biyu, 1992 da 1994, kamar yadda Montana ya yi a 1989 da 1990. Makinsa na jifa (ma'aunin ingancin jifa) a 1994, wato 112.8, ya ɗara 112.4 na Montana. Abin da ya rage masa shi ne shekarun da ya ɓata a benci daga 1987, sai kuma Dallas da ta fitar da su sau biyu a jere a wasan kusa da ƙarshe, sannan bugun kai ya raba shi da fili a 1999.

Mai Tsaron Baya:

Ku biyun kuna magana kamar rabin fili kawai ake bugawa. A 1980, Montana na nan, Walsh na nan, wasa 6 suka ci. A 1981 suka ci 13. Me ya ƙaru? Sababbin masu tsaron baya uku a zaɓe ɗaya, Lott da Eric Wright da Carlton Williamson, sai Fred Dean da aka sayo daga San Diego a tsakiyar kaka don farautar mai jifa. A Super Bowl ɗinsu na farko an tashi 26 da 21, kuma Cincinnati ta zo bakin layi aka hana ta shiga har damarta ta ƙare. Ba don wannan tsayuwa ba da lissafin kofin Montana ya fara da faɗuwa.

A 1984 babu ƙungiyar da aka zura wa maki kaɗan kamar su. Marino ya zo wasan ƙarshe da tacdaun 48 a kakar, aka tsayar da Miami a kan 16, ba ta ƙara ko maki ɗaya ba bayan hutun rabin lokaci.

Lott ya fara a gefe, inda aikin shi ne bin mutum ɗaya ƙafa da ƙafa, daga baya aka mayar da shi can baya, inda aikin shi ne karanta idon mai jifa da rufe tsakiya. Kaɗan ne ke iya duka biyun. Ya ƙwace ƙwallo 51 a rigar 49ers, yana cikin kofi huɗun duka. Labarin yatsansa kowa ya sani: ƙaramin yatsan hagu ya murƙushe a ƙarshen kakar 1985, ya zaɓi a datse kan yatsan maimakon tiyatar da za ta daɗe ba ta warke ba. Kakar da ta biyo baya ya ƙwace 10, ya fi kowa a gasar. Ni a wurina gaban Young yake, ba tantama.

Kuma a daina ba da labarin Montana kamar bai taɓa faɗuwa ba. Kaka uku a jere, 1985 zuwa 1987, an fitar da su a wasan farko na sili-ɗaya-ƙwale. A kakar 1986 New York Giants sun yi musu 49 da 3, wasan da Rice ya saki ƙwallo yana gudu shi kaɗai babu mai taɓa shi. Shekara ta gaba Minnesota ta ci su 36 da 24, har Walsh ya zaunar da Montana ya sa Young.

Sabon Ɗan Kallo:

Na gode ƙwarai, malamai. To 'yan da can fa, kafin Walsh? Ko ba su shiga lissafi?

Mai Allon Koci:

Suna shiga, amma kar ka auna su da jimilla. A shekarun 1950 wasa 12 ake bugawa a kaka, ya koma 14, ya koma 16 a 1978, yanzu 17 tun 2021. Raba yadi da yawan wasa tukuna. A 1978 ɗin ne kuma aka hana mai tsaro ture mai cafkewa bayan yadi 5 daga layin farawa, aka sassauta wa 'yan katanga su miƙa hannu, don haka adadin jifa na kafin shekarar da na bayanta ba abu ɗaya ba ne. Da wannan mudu Joe Perry zai hau sama sosai: shi ne na farko a NFL da ya ruga yadi 1,000 kaka biyu a jere, 1953 da 1954, a wasa 12 kacal. Frank Gore ya wuce shi a jimillar ƙungiya da yadi 11,073, amma ni Perry zan fara rubutawa.